Sunan Da Ban Taɓa Kira Ba

Birnin Gwari, ranar Lahadi.

Zuwa ga 'yar gidan Huraira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya aiki, ya baƙunta a Abuja? Mu nan mun gode Allah. Babanku ƙafar ta yi sauƙi, har masallaci yana zuwa ba sanda. Ƙannenki kuwa, Salim lafiya ƙalau. Usama ne zazzaɓi ya kayar, amma ya fara cin tuwo. Kakarku idon ne dai har yanzu. Goggonki Huraira kuwa ta fi kowa lafiya, tun da kika samu aikin nan bakinta bai rufu ba.

Na ba Yusha'u direba takardar nan saboda sabis ɗin waya ya sake ɗaukewa. Ko da akwai ma, maganar ba za ta fito ta bakina ba. Da hannuna na rubuta. Tun bara nake zuwa ajin yaƙi da jahilci bayan la'asar, in kin ga layi ya karkace ki yi haƙuri.

Kin san al'ada. Ke ce 'yar farina, shi ya sa ban taɓa kiran sunanki ba, ban taɓa yi miki wasa a gaban mutane ba. Ranar da aka yaye ki, ƙanwar babanku ta goya ki ta tafi da ke gidanta, ni kuwa na ci gaba da daka kamar ban gani ba. Haka uwata ta yi da yayana. Kika tashi kina ce wa Huraira Mama, ni kuma Yaya Furera, yadda kika ji tana kirana. Ban taɓa ce wa kowa komai ba.

Ranar Juma'a a sunan gidan Modibbo, Huraira ta baje a tsakiyar mata tana ba da labari. Wai 'yarta ta zama jami'a a ƙungiyar ƙasa mai kula da karatun ƙananan yara. Wai ƙungiyar za ta buɗe wurin reno da koyarwa a nan garin, saboda 'ya'yan mutanen Kutemeshi da Tabanni da tashin hankalin dajin nan ya koro. Za a ɗauki matan da suka iya karatu su kula da yaran, har a kai su Kaduna a horar da su. Sai ta gyara ɗankwali ta ce 'yarta ta riga ta miƙa sunanta. Ta juyo gare ni tana dariya, wai Yaya Furera ba za ki taya uwar jami'a murna ba? Na ce Allah ya sanya alheri. Wainar da ke hannuna haka na dawo da ita gida.

Gaskiya ne kin miƙa sunanta? Ni ban zo miki a rai ba? Yaran nan a tsakar gidana suke wuni in iyayensu sun tafi ƙwadago. Ni nake share musu majina, ni nake raba faɗansu. Huraira kuwa, Allah ya yafe mini, in yaro ya taɓa gwaibarta da tsintsiya take bin sa. Na san ta yi firamare, ni sai yanzu da furfura. Amma ai na iya, ga shi kina karantawa.

Ba na barci sosai. Ki faɗa mini gaskiya ko da ba daɗi.

Ki gaida abokan aikinki.

Ni ce,
Furera.

Birnin Gwari, ranar Talata.

Zuwa gare ki,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan gajiyar aiki ta sake ki. Usama ya warware har ya koma makaranta. Babanku yana sa miki albarka. Kakarku an samo mata maganin ɗigawa. Ni ce dai ban san ko lafiya nake ba tun da Yusha'u ya miƙo mini amsarki.

Kin ce dokar ƙungiyarku ta hana ma'aikaci ya kawo mahaifiyarsa ko mahaifinsa aiki a wurin da yake kula da shi. Kin ce da shugabarku ta tambaye ki wace ce mahaifiyarki a Birnin Gwari, sunana kika faɗa, shi ya sa ba hali a ɗauke ni. Huraira kuwa goggo ce, aka ce ta shiga layi kamar kowa a gwada ta.

Na shiga ɗaki na turo ƙofa. Miyar da na ɗora ta kama, Salim yana ta tambaya ko mutuwa aka yi.

To aikin ya wuce ni, kuma ba zan ɓoye miki ba, ya yi mini zafi. Na riga na ga kaina a Kaduna da littafi a hannu. Jiya Huraira ta zo aron mayafina mai ruwan toka, wai da shi za ta je gwajin, wai uwar jami'a ba ta fita da tsohon mayafi. Na ɗauko na ba ta. Amsarki tana ƙarƙashin matashina, taku kaɗan daga inda take tsaye. Kalma ɗaya ta isa ta sauke mata ɗankwalin nan. Amma da wane baki? Uwa ba ta bugun ƙirji da 'yar fari. Na raka ta har zaure na ce Allah ya ba da sa'a, har da murmushi.

In an ɗauke ta, ki ja mata kunne a kan tsintsiyar nan. Ƙaramar cikin yaran, Muslimat, ba ta cin abinci sai an zauna kusa da ita. Kada a ce ni na faɗa.

Yanzu ga abin da ya sa na sake rubutowa. Kin ce za ku zo da mutanenku ranar Alhamis ta sama. Huraira ta riga ta share ɗakinki, ta sayi kaza. Tun da aka yaye ki ba ki taɓa kwana a ɗakina ba. Ban ce ki ƙi ta ba, ta yi miki wahala, Allah ya saka mata. Kwana ɗaya nake roƙo. Ba zan yi miki surutu ba, wataƙila ko kallonki ba zan iya yi sosai ba. Tuwon dawa ne da miyar kuka, sai tabarma sabuwa.

In kin amince, ki aiko da amsa ta hannun Yusha'u kafin Litinin, don in san yadda zan gaya wa babanku ya gaya wa ƙanwarsa. In ba ki amince ba ma ki rubuto, kada ki bar ni ina leƙen tasha.

Na tambayi malamarmu ko kunya ta hau kan rubutu. Ta yi dariya ta ce ita ba ta taɓa jin haka ba. Don haka na yi ta gwada rubuta sunanki a bayan littafina.

Allah ya yi miki albarka, Bushira.

Ni ce mahaifiyarki,
Furera.