Dutsen Taimama

Lazaret, Yamai

Zuwa ga ɗana Hamisu,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiyarka, da ta Rukayya da yara? Ya aiki? Mu nan lafiya lau, sai ciwon hannun nan. Har yanzu lokotoron asibiti ya hana ni taɓa ruwa.

Na rubuto ne don a waya kullum sauri kake. Ka san farin dutsen da marigayi babanka ya zo da shi daga Tahoua. Wata bakwai ke nan da shi nake taimama. Jiya ɗiyarka Rahama ta zo daga jami'a, ta ɗauke shi tana juyawa, ta nuna mini wani zane a jikinsa kamar katantanwa. Wai laka ce da ɓawon halittun da suka mutu, suka kwanta bisa juna, nauyi ya danne su har suka daskare. Ta faɗa tana dariya, ta yi tafiyarta.

To ni mushe nake shafawa a fuska? Sallar wata bakwai fa, Hamisu! Na kasa zama, tuwo ma ya ƙi shiga. Na kai dutsen bayan ɗaki, na dawo da shi, na sake fitarwa.

Kai da kake fasa duwatsu a kamfanin siminti, gaya mini. Laka tana zama dutse? Cikin shekara nawa? Kuma mushen mene ne? Kada ka lallashe ni. In ramuwa ce, in fara tun da sauran ƙarfina.

Ka gaida mutanen gida.

Uwarka,
Zeinabu

Lazaret, Yamai

Hamisu,

Ina gajiya, ya yara? Allah ya raya su.

Takardarka ta iso, bayan sati uku. Ka ce gaskiyar yarinyar ce, shekarun kuma ba su ƙirguwa. Ka ce halittun teku ne, wai teku ta taɓa rufe ƙasar Tahoua. Tahoua da muke tashi da asuba neman ruwa! To, na ji.

Na kai wa Malam Yakuba, limamin unguwarmu, dutsen da takardar. Ya ce mushen halittar ruwa ba najasa ba ne, balle wanda ya riga ya zama dutse. Babu ramuwa a kaina.

Ban gaya masa ba, amma kafin ka ga damar amsawa na riga na rama sallar kwana arba'in, da ƙasar tsakar gida nake taimama. Gwiwoyina duk sun kumbura. Ka aiko mini da man zafi.

Allah ya yi maka albarka.

Uwarka,
Zeinabu