Idan Aka Ɗauke Na'urar da Ke Zaurena

Malama, ki taimake ni da shawara, na kasa zaune na kasa tsaye.

Shekarata tamanin. Na yi karatu tun ana tsoma alƙalami a tawada, na yi aikin auna ruwa a madatsar Watari. Matata ta rasu, 'ya'ya suna birni, ƙafa ko masallaci ba ta kai ni.

Ƙungiyarmu ta manoman rani tana da wata babbar na'ura, wai ita saba. A zaurena aka ajiye ta saboda ina da sola. Jikata Ummukulthum, injiniyar kwamfuta, ta ce a cikinta akwai kwamfutoci uku marasa jiki: ta rabon ruwa, ta iyakokin gonaki, da ta aika wa manoma saƙo. Yanzu an kawo sabuwar saba ofishin ƙungiya. Ummukulthum ta ce tawa ta tsufa, tana zafi, a mayar da duka ukun can. Ranar Asabar ake jiran bakina.

Na ce mata madatsa mai ƙofa ɗaya haɗari ce, haka ma dogaro da saba ɗaya. Gaskiya ne, amma ba shi ne dalilina ba. Kullum manoma suna shigowa duba ranar ruwansu, mu gaisa, su ba ni labarin tumatir. In aka ɗauke ta, wa zai ƙara yi min sallama?

Dattijon Bakin Ruwa

Baba, Allah ya ƙara lafiya.

Jikarka tana da gaskiya. In na'urar nan ta mutu da iyakokin gonaki a cikinta, rigimar da za ta tashi ba ƙarama ba ce. Kai ma maganarka ta ƙofa ɗaya tana kan hanya. To, a mayar da ukun ofis, amma a gyara tsohuwar ta zauna zaurenka da kwafin komai, don ranar da sabuwar ta ƙi tashi.

Sai dai kada ka ruɗi kanka: ba mai zuwa duba kwafi. Kafin Asabar, ka kira Ummukulthum ka faɗa mata abin da ka faɗa min, ba kwana-kwana. Ka kuma nemi a riƙa zaman rabon ruwa na mako a zaurenka, tunda ka fi kowa sanin ruwan nan.

Ita zafin na'ura kawai ta gani. Naka, sai ka faɗa za ta sani. Allah ya sa zauren ya cika da sallama.