Gyaɗar da Kawu ya kai Zakka

Litinin, 28 Oktoba, 2024

Yau ma Dakta Almustapha bai karɓi babi na huɗu ba. Shi ke duba mani furojet, in bai sa hannu ba babu ni babu kammala digiri bana. Ko ɗago kai bai yi ba. Wai, "Mutmainna, ki je wanda kika aika ya duba maki." Wa na aika? Na fito raina a ɓace, ban ko yi mashi sallama ba.

Laraba, 30 Oktoba

Ashe Kawu Rabe ne! Inna ta faɗa mani a waya. Wai a kasuwar Batsari ya ji labarin malamina ɗan Zakka ne, kuma mahaifinsa ne limamin can. Sai ya ɗaure buhun gyaɗa bisa babur tun daga Karare, ya kai wa Liman, ya ce ga ɗiyarmu nan hannun ɗanku, amana. Bai tambaye ni ba. Har Inna na murna, wai an kyauta.

Kawu ya kira, ban ɗauka ba.

Asabar, 2 Nuwamba

Lubna da muke ɗaki ɗaya ta ce in je in durƙusa in ba Dakta haƙuri. Haƙurin me? Ni na noma gyaɗar ko ni na ɗaure ta? Ba zan ba da haƙuri kan abin da ban yi ba, ko da za a maimaita mani shekara.

To amma in na kai ƙara, kwamiti za a kafa. Su kuwa cin hanci za su kira shi. Sunana ya ɓaci, na Kawu ya ɓaci, har Liman a ja shi ciki. Lubna ta ce akwai ofishin sasanci bayan ɗakin karatu, wai ba a shari'a can, kuma magana ba ta fita. Mu gani.

Talata, 5 Nuwamba

Na je. Mai sasancin wata dattijuwa ce, Hajiya Safiyyatu. Ɗaki ƙarami, kujeru uku, fanka mai ƙara. Na zazzage mata komai cikin haushi. Ba ta rubuta ko harafi ba. Na ce ta faɗa mani wa ke da gaskiya. Ta ce ita ba alƙali ba ce, ba ta bayana, ba ta bayan Dakta. Na ce to me amfaninki, Hajiya? Wallahi haka na ce. Dariya ta yi.

Ta tambaye ni me nake so. Na ce a sa hannu a aikina kuma kada in durƙusa. Ta ce, "Kawun naki fa?" Na ce shi ya jawo, ya ji da kansa.

Ba za ta yi wa Dakta magana ba sai na yarda. Ban yarda ba tukuna.

Laraba, 6 Nuwamba

Na yarda. Ba don na sauko ba, lokaci ne ke tafiya.

Talata, 12 Nuwamba

Mun zauna mu uku. Na shiga da shirin faɗa, na ma ƙi cin abinci don kada jikina ya yi sanyi.

Dakta ya ce ranar da mahaifinsa ya kira shi yana ofis da malamai biyu, hannunsa na kan aiki, sai ya saki muryar wayar kowa na ji. Tsoho ya ce, "An kawo gyaɗa daga Karare. Yarinyar nan kada ta faɗi, ka ji ko?" A gabansu. Gyaɗar kuma tuni Liman ya rabar wa maƙwabta, babu zancen mayarwa. In na ci, a ce gyaɗa ce. In na faɗi, ya saɓa wa mahaifinsa.

Na ce, "Malam, ban aika kowa ba." Ya ce yanzu ya sani. Na ce to sati biyu da ka yi kana kallona kamar ɓarauniya fa? Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban ba shi ba. Hajiya ba ta tilasta wa kowa ba.

Ita ta jero mana hanyoyi, mu muka zaɓa. Dakta zai roƙi shugaban sashe a sauya mani malami, dalili kawai iyayenmu sun san juna. Ba ƙarya a ciki. Gyaɗa kuwa ta tsaya a ɗakin nan.

Alhamis, 14 Nuwamba

An ba ni Dakta Nana Hadiza. Ta cika babina da jan biro kamar an yanka kaza a kai. Na ji daɗi, aƙalla an karanta.

Saura Kawu. In na je gida sai ya ji abin da ya kusa jawo mani, kalma kalma.

Asabar, 23 Nuwamba

Karare. An sa hannu a babi na huɗu shekaranjiya.

Na tarar da Kawu yana ɗingishi. Inna ta ce tun tafiyar Zakka ne. Ana ta raɗe-raɗin 'yan bindiga a hanyar, direbobi sun ƙi zuwa, shi ya bi ta gonaki, babur ya kayar da shi da buhun a kansa. Ya hana a faɗa mani, wai kada hankalina ya rabu da karatu.

Da la'asar ya zauna ƙofar gida yana ba mutane labari. "Kun gani? Boko ma sai an gaida manya. Ni na san abin da ni kai." Ya juyo yana washe baki. "Ɗiyata, ko ba haka ba?"

Maganar na bakina, na shirya ta tun daga mota. Kuma har yanzu ina nan kan bakana, abin da ya yi kuskure ne.

Na ce, "Haka ne, Kawu. Allah ya saka da alheri." Na shiga ciki na dafa mashi ruwan zafi na gasa ƙafa.