Na'urar Yaya da Wayar Gwaggo

Yaya Nura,

Gaisuwa mai yawa. Ya karatu, ya sanyin can? Mu nan Sabo lafiya lau.

Ka ce na'urarku tana tura haske ƙwaya-ƙwaya ta zaren gilashi, duk wanda ya saci jin saƙo sai an gane. Yaya, mu ai mun san mai satar! Jiya wani, kada ka tambaye ni waye, ya turo min saƙon murya a wayar Gwaggo. Ta kunna wa matan gida, har ta fassara wa maƙwabciyarmu Iya Basira da Yarbanci. Ita kuwa ta ce, "Maimaita wurin tauraruwar nan!" Ba ku da na'urar da ke hana irin wannan?

Ka sa ni a addu'a, Baba bai ji ba tukuna. Gai da Anti Zainab.

Ƙanwarka,
Hafsatu