Sunan da malam ya ciro mini daga littafi

Barkanmu da war haka jama'ar wannan zaure. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya ishe ni, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa.

Ni tsohuwar nas ce, a unguwar Jambutu ta Jimeta nake zaune. Zamanin Jihar Arewa maso Gabas aka kawo ni Jimeta daga ƙauyenmu na wajen Numan, aka sa ni aji ɗaya. Ranar farko malam ya tambayi sunana, na faɗa, ya gwada harshensa ya ƙi, yara suka kwashe da dariya. Sai ya buɗe littafin karatunmu, ya nuna wata yarinya mai tulu a ka, ya ce daga yau ke ce Ladi. Ni da ko ranar Lahadi ba a haife ni ba. Da Ladi na yi aure, da Ladi na yi ritaya.

Yarinyar da ta matsa mini wuri a benci ranar ita ce Adda Asta, 'yar cikin Yola, har yau ba mu rabu ba, da maigidana ya rasu ita ta tare a gidana har na dawo hayyacina. Yanzu jikokinmu makarantarsu ɗaya, mu biyun muna kwamitin iyaye.

To makarantar za ta yi kasuwar littattafan yara, aka raba mana samfur mu duba. Cikin nawa akwai wani ɗan ƙarami mai hotuna, labarin wata yarinya 'yar masunta a bakin kogin Binuwai da ta bi kakarta bikin gargajiya. Jikata ta ɗauka tana karanta mini, da ta zo kan sunan yarinyar ta yi ta tuntuɓe, ta ce Kaka wannan wane irin suna ne haka. Jama'a sunana ne. Tunda nake ban taɓa ganinsa a buge a takarda ba. Ce mata kawai na yi ta sake karantawa.

A mitin ɗin kwamitin aka yi ca a kan littafin. Wani ɗan cocinmu ya ce bikin nan tsafi ne, ba za a koya wa yara ba. Adda Asta ta goyi bayansa, ta ƙara da cewa sunayen ciki ma ko malamai ba za su iya kira ba, a kawo masu sunan da kowa ya sani. Har ta juyo ta ce ko ba haka ba Ladi? Ba da mugunta ta faɗa ba, mantawa ta yi, kuma wannan ya fi yi mini ciwo.

Ranar Asabar za a ɗaga hannu. In na yi shiru a mayar da littafin, jikata ba ta sake ganin sunan nan. In na tashi na ce sunan nan nawa ne, na kunyata aminiyata a gaban mutane, 'yan coci kuma su ce tsohuwa ta koma tsafi. Ni kuwa na gaji, ƙarfin rigima ya ƙare mini.

Ku faɗa mini gaskiya, in yi magana ne ko in ƙarasa sauran kwanana a Ladi? Admin a ɓoye sunana don Allah, ai na saba.