Ban Ƙi Sauka Ba, Jalila

Zuwa ga Jalila, sanyin idanuna, iskar teku mai shigowa ta taga bayan la'asar, furen yasmin da ƙamshinsa ke riga shi isa ƙofar gida.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya. Ni dai jikina ne kawai ke lafiya. Munjiya, matar ɗan kawuna Lutfi da na sauka a gidansa, ita za ta kawo miki wannan takarda shagon ɗinkinku. Na buga wayar gidanku har katina ya ƙare, kullum ƙanwarki ke ɗauka ta ce, "Ba ta nan, Si Munsif," alhali ina jin ƙarar kofuna a bayanta. Ban ga laifinki ba. Amma ki bari in faɗa miki abin da ya faru a ɗaya gefen gilashin ƙofar jirgi ranar Lahadi.

Kin tuna yammacin nan a Mahdiya, bara da kika zo hutu? Muna zaune kan katangar bakin teku, masunta na gyaran taru a ƙasanmu, shayi ya huce a hannuna ina ta juya magana guda a baki. Kika ce, "Si Munsif, kai sai an sa cokali an buɗe maka baki? Na yi takaba, na yi zaman jira, ba ni da sauran shekarun zubarwa. In da gaske kake, ka zo Paris ka same ni da ƙafarka, ba wanda ya riƙo maka hannu." Ya hasken safiyata, ranar ko teku sai da ya yi tsit!

To, na zo. Amma wane irin gari ne wannan da ake bin sa ta ƙarƙashin ƙasa kamar gara? A garinmu in mutum ya ɓata, ya waiwaya dama ko hagu zai ga ruwa, ya san inda yake. Nan babu rana, babu gabas, sai lunguna masu farin bango, kowanne kamar ɗan'uwansa. Ni da ke auna ƙanƙara a tashar masunta, ban saba yin abu da ka ba. Na rubuta sunayen tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa a takarda, na haddace su. Ranar Asabar na bi hanyar ni kaɗai don gwaji, jirgi cike maƙil, duk inda muka tsaya ƙofa na buɗewa, mutane na kwarara. Na koma gida na rubuta a littafina cewa komai ya yi daidai.

Ranar Lahadi da muka yi alkawarin za ki jira ni a tasha, taragon ba kowa, daga ni sai wani tsoho da ke gyangyaɗi da karensa. Jirgi ya shigo tasharku, na hango ki. Wayyo Jalila! Koren mayafinki a cikin ramin nan kamar itacen zaitun guda a tsakiyar fako. Na miƙe, na gyara wuyan riga, na harɗe hannuwana a baya kamar yadda mutum ke tsayawa a ƙofar gidan mutunci, ina jiran a buɗe. Ba a buɗe ba. Kika dube ni, na dube ki. Na ga murmushinki yana janyewa kamar ruwa daga yashi. Aka busa ƙaho, jirgi ya ja, bangon duhu ya haɗiye ki, ni kuwa ina tsaye ƙiƙam kamar kifi a cikin kwalba.

Sai a tasha ta gaba na ga wata mata daga waje ta ɗaga wani ɗan mariƙin ƙarfe, ƙofa ta buɗe. Ashe duk ranar Asabar hannun wasu ke buɗe min! Na fita da gudu, na bi matakalar da ba ita ba, na tsinci kaina a kan titi, na sake sayen tikiti, na sake nutsewa. Ko da na iso tasharku kin tafi, benci ne kawai.

Da na ba Lutfi labari sai da ya riƙe ciki don dariya. Ya ce, "Haba ɗan kawu! Bismilla kake jira ƙofa ta yi maka? Nan ko ƙofa ba ta san kunya ba. Ko jaki ya ga an ɗaga sau biyu ai ya koya!" Munjiya ta ce, "Rufe mana baki, kai da jirgi ya kai ka ƙarshen layi kana minshari. Rubuta mata, Si Munsif, ni zan kai."

Ba zan ɓoye miki ba, na tuhumi kaina. Me ya hana ni buga gilashin? Me ya hana ni ɗaga miki hannu? Ƙofa ce ta riƙe ni, ko halina ne? Na ɗora zuciyata a kan ma'auni, na sauke, na sake ɗorawa, amsar ba ta canza ba. Ruɗewa na yi, amma ban ƙi sauka ba. Da ƙofar ta tsage ko da faɗin tafin hannu ne, da ta nan na bi.

Tun ranar Litinin nake yawo a jirgin nan. Kowace tasha ni ke fara kai hannu, ko ba mai sauka. Ana kallona kamar taɓaɓɓe. Wata tsohuwa ma ta yi min godiya da harshensu. Yanzu na san hanyar Paris, ya ruwan farkon damina, amma ina amfanin hanya in ba ke a ƙarshenta? Ko'ina na fito, ji nake har yanzu ina bayan gilashin nan.

Izinin zamana zai ƙare ranar Talata. Saboda haka ranar Lahadi bayan azahar zan sake zuwa, ni kaɗai, a taragon ƙarshe. Ba na roƙon ki yi min murmushi. Ki zo ko da faɗa ne, ki tsaya nesa in kin so, ki ga hannuna. Ko kina nan ko ba kya nan, zan ɗaga ƙarfen, zan sauka, in zauna a bencin nan har masu shara su tashe ni.

Naki a ƙarƙashin ƙasa da bayanta, wanda ba zai ƙara jiran a buɗe masa ba, ba zai kuma ƙwanƙwasa wata ƙofa ba sai taki har ya koma ga Mahaliccinsa,

Munsif