Harbin Bindiga a Cikin Kwamfutar Ajinmu

Zuwa ga Manajan kamfanin da ya haɗa manhajar da ke cikin kwamfutocinmu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali.

"Babu abin da muka saka a ciki sai abin da zai amfani ɗalibai." Haka ka faɗa da bakinka ranar da ka kawo mana kwamfutocin nan Birnin Gwari, kuma na fi kowa tafi. Ni ke koyar da ajin mata, yawancinsu waɗanda hare-hare suka koro daga Kakangi da Gayam. Da ka ga murnarsu! Matar da ba ta taɓa riƙe biro ba ta buga sunanta da yatsanta, ajin ya ɗauki guɗa.

Ƙorafina uku ne. Na farko. Ranar Talatar da ta wuce muka fita baranda sallar azahar, muka bar kwamfutocin a kunne. Muna raka'a ta biyu sai harbi ya ɓarke a cikin aji, ga jiniya. A garin nan, ranka ya daɗe, ba a tsayawa tambayar daga ina. Kowacce ta yanke salla. Ladidi, wadda aka kashe mijinta a gona, ta haura katanga da goyo a bayanta, ta karye a ƙafa. Da na leƙa, me zan gani? Fuskar kowace kwamfuta kamar harsashi ya farfasa ta, a ƙasa kuma an rubuta da Turanci wai wasa ne. Ashe ku kuka tsara ya riƙa fitowa duk lokacin da aka bar na'urar ba a taɓa ba.

Na biyu. Na kira ofishinku, aka ce ai ana iya kashe shi. Mutum zai kashe abin da bai san da zamansa ba? Na karanta littafin bayaninku kaf, ko ambatonsa babu.

Na uku. Ban hana kowa raha ba. Mai sha'awa ya nemo abinsa ya saka da hannunsa. Amma ku cusa shi cikin kayan da kowa zai karɓa, ba ku san kunnen wa zai faɗa ba? Tun farko da ƙyar na shawo kan matan nan suka fito karatu, gida-gida na bi. Yau kujerunsu wayam.

Ina roƙon ku cire shi daga manhajar baki ɗaya, ku sanar da duk makarantun da kuka bai wa, ku kuma zo ku ba matan nan haƙuri ido da ido, ko sa dawo.

Allah ya ƙara maka basira, ya tsare kunnen 'ya'yanka daga jin abin da muka saba ji.

Na ba ka zuwa Juma'a ta sama. In ta wuce shiru, zan ɗauko kwamfuta ɗaya, in ɗauko Ladidi da sandarta, mu zo Kaduna. Zan kunna ta a kan teburinka, mu zauna har harbin ya tashi, sannan ka nuna wa Ladidi inda ake dariyar.

Wassalam.

Malama Hadiza,
Magajin Gari, Birnin Gwari